Jiragen yaƙin ruwa na Tribal na 1905: tambayoyin da ake yawan yi da amsoshinsu

Duk lokacin da aka ɗauko zancen jirgin nan Zubian, distroyan Birtaniya wanda aka haɗa daga rabin jirgi biyu na ajin Tribal, tambayoyi iri ɗaya ne suke dawowa, wasu ma ba su yarda abin ya faru ba. Shi ya sa na tattara su wuri guda, daga masu sauƙi zuwa masu ɗan zurfi. Ba dole sai ka bi su a jere ba, kowace amsa tana iya tsayawa da ƙafarta.

Wai menene ma distroya, kuma me ya bambanta shi da sauran jiragen yaƙi?

Distroya ƙaramin jirgin yaƙi ne siriri mai gudun tsiya, ba shi da sulke, kariyarsa kawai ita ce saurinsa da ƙanƙantarsa. Dalilin ƙirƙiro shi kuwa topido ne, wato bam ɗin nan mai inji da ke tafiya da kansa a ƙarƙashin ruwa, wanda Robert Whitehead ya ƙera a 1866. Da topido ya samu sai ya zama ɗan ƙaramin kwale-kwale mai arha zai iya lallaɓowa da dare ya nutsar da ƙaton jirgin da aka kashe dukiya wajen gina shi. To sai manyan ƙasashe suka ga dole a samu wani jirgi da ya fi waɗannan kwale-kwalen gudu da igwa, ya riƙa korarsu. Na farko a wajen Ingila shi ne Havock a 1893.

Daga baya shi ma distroyan aka ɗora masa topido, ya zama shi ne mai gadi kuma shi ne mai kai hari. Da jiragen ƙarƙashin ruwa suka shigo fage, aikin farautarsu ma a kansa ya faɗa.

Su waɗanne ne Tribal ɗin, kuma guda nawa ne?

Guda 12 ne, sojojin ruwan Birtaniya suka ba da kwangilarsu kashi uku tsakanin 1905 da 1908, aka sako su ruwa daga 1907 zuwa 1909. Idan kana son ka gane zamanin, an fara odarsu ne shekara biyu kacal bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato. Biyar na farko su ne Afridi, Cossack, Ghurka, Mohawk da Tartar. Sai Amazon da Saracen suka biyo. Kashi na ƙarshe kuma Crusader, Maori, Nubian, Viking da Zulu. A 1913 da aka raba wa distroyoyi haruffa sai aka ce musu ajin F, amma sunan Tribal ɗin, wato na ƙabilu, shi ne ya bi su.

Nauyinsu daga tan ɗari takwas da wani abu zuwa dubu da 'yan kai, mutanen ciki wajen saba'in. Biyar na farko ƙananan igwa gare su, masu harsashi mai nauyin laba 12, uku da farko aka ƙara suka zama biyar. Bakwai na baya kuma igwa biyu masu bakin inci 4. Dukkansu suna da bututun harba topido guda biyu na inci 18, ka riƙe wannan inci 18 ɗin domin zai dawo a maganar Glatton a ƙasa.

Me ya sa aka ba su sunayen ƙabilu? Akwai mai sunan Hausa?

Babu mai sunan Hausa, ko a wannan ajin ko a wanda ya gaje shi a 1936. Na Afirka a cikin sha biyun nan guda biyu ne, Zulu da Nubian, na biyun daga mutanen Nuba na bakin kogin Nilu tsakanin Masar da Sudan. Abin da Turawan suke nema shi ne sunan mutanen da suka yi suna wajen faɗa, kuma da yawa daga ciki mutane ne da su Ingilishin da kansu suka ɗanɗana kuɗarsu a hannunsu. Zulu sun karkashe rundunar Birtaniya a Isandlwana a 1879, Afridi na mashigar Khyber sun ba su wahala a 1897, Maori na New Zealand sun yi shekaru suna gwabzawa da su.

Ba duka ne ma ƙabilu ba. Amazon mayaƙan mata ne na tatsuniyar Girka, Crusader mayaƙan yaƙin Salibiyya, Saracen kuma sunan da Turawan wancan zamani suke kiran Larabawa da Musulmi da shi, ga su nan an jera su a rundunar guda suna kwana a tasha ɗaya.

Me ya sa hotunansu ba sa kama da juna in dai aji ɗaya ne?

Saboda ba zane ɗaya aka ba kowa ba. Hukumar sojin ruwa ta faɗi abin da take so ne kawai, gudu kaza, makami kaza, mai za a ƙona, sannan ta bar kowane kamfani ya san yadda zai yi. Thornycroft ya gina Tartar da Amazon da Nubian, J. Samuel White ya gina Mohawk da Saracen da Crusader, Hawthorn Leslie ya yi Ghurka da Zulu, sauran huɗun kuma kowanne kamfaninsa daban. Shi ya sa za ka ga Cossack da bututun hayaƙi uku, akasarinsu da huɗu, Viking kuwa har shida, shi kaɗai ne distroyan Birtaniya da aka taɓa yi haka. Tsawo da faɗi ma ba ɗaya ba ne, wanda wannan ya zo ya zama ciwon kai lokacin haɗa Zubian.

Da gaske sun fi kowa gudu a lokacinsu?

Kusan haka ne. Mutumin da ya matsa a yi su shi ne Admiral John Fisher, wanda ya zama shugaban sojojin ruwa a ƙarshen 1904, mutum ne da ya ɗauki gudu tamkar addini. Ajin River da ya gabace su not 25 da rabi yake yi, shi kuwa ya ce lallai sababbin su yi not 33, wato wajen kilomita 61 a awa a kan teku. Don a samu haka aka bar tsohon inji mai fistin aka koma injin tabain na Charles Parsons wanda tururi ke juya shi, aka bar kwal aka koma baƙin mai. Tartar ya wuce not 35 a gwaji.

Komawa mai ba ƙaramin sauƙi ya kawo wa ma'aikata ba. A jirgin kwal, ranar lodi kowa sai ya koma baƙi ƙirin, ga masu shebur a ƙasa suna zuba wa wuta dare da rana. A nan kuwa tiyo za a jona, mai ya shiga tanki, mutum ɗaya ya murɗa famfo wuta ta ƙaru. Sai dai gudun nan an biya shi da tsada, duba tambaya ta gaba.

To ina matsalar take?

Shan mai. An cika cikin jirgin da tukwanen tururi da inji har wurin ajiye man ya zama kaɗan, ga su kuma da zuƙa kamar me. Akwai lokacin da Afridi da Amazon kowanne ya ƙona tan tara da rabi don kawai ya tayar da tururi ya je ma'ajiyar mai ya dawo, tafiyar da ba ta wuce mil uku ba. Jirgin da aka gina don ya raka manyan jirage cikin Tekun Arewa ya wayi gari ba zai iya daɗewa a teku tare da su ba. A ganina nan ne Fisher ya yi zarɓaɓi, ya sayi abin da ke burge mutane ranar gwaji ya manta cewa yaƙin ruwa yawancinsa sintiri ne na kwana da kwanaki.

Hukumar ma ta gane. Ajin da ya biyo baya, Beagle, an mayar da shi kan kwal da not 27, saboda tsada da kuma fargabar cewa Ingila tana da kwal a gida amma ba ta da rijiyar mai ko ɗaya. Wannan fargabar ce ta sa a 1914 Winston Churchill ya sa gwamnati ta sayi kashi 51 na kamfanin man Anglo-Persian da ke haƙa a Iran.

In ba su iya tafiya mai nisa, wane aiki suka yi a yaƙin duniya na ɗaya?

Nan ne abin ya zo musu daidai. Tsakanin Dover a Ingila da gaɓar Faransa kilomita talatin da 'yan kai ne kawai, kuma a Oktoban 1914 Jamus ta kama Ostend da Zeebrugge a gaɓar Beljiyam, ta mayar da su da Bruges sansanin jiragen ƙarƙashin ruwa da na topido, wato maƙiyi ya tare a bakin ƙofa. A irin wannan wuri ba a bukatar jirgi mai dogon zango, ana bukatar wanda zai fita da gudu ya dawo ya sha mai. Sai aka tattara duka sha biyun a runduna ta 6 ta sintirin Dover. Horace Hood ne ya fara jagorantar sintirin, Reginald Bacon ya karɓa a Afrilun 1915, Roger Keyes kuma daga farkon 1918.

Aikin yau da kullum ba shi da armashi: raka jiragen sojoji daga Folkestone zuwa Boulogne, raka masu dawo da raunana, gadin ƙananan jiragen masunta da aka ɗauka haya suna kula da ragar ƙarfe da aka shimfiɗa don kama jiragen ƙarƙashin ruwa, da kuma tsaron jiragen manyan igwa idan za su yi luguden wuta a gaɓar Beljiyam. A yaƙin kogin Yser na Beljiyam cikin Oktoban 1914, Hood a kan Amazon ya kafa tutarsa har igwar Jamus daga tudu ta sami jirgin. Ka ƙara da hunturun mashigar Dover, igiyar ruwa na dukan ɗakin tuƙi, fitilu a kashe, babu rada, ido ne kawai da kunne.

Sun taɓa nutsar da jirgin ƙarƙashin ruwa?

Sun yi. Ranar 4 ga Maris 1915 jirgin Jamus U-8 ya sarƙe a ragar da na ambata, alamar da ke yawo a saman ruwa ta tona masa asiri, distroyoyi suka bi shi. Lokacin ba a fara amfani da bam ɗin zurfi ba, wato wanda ake jefawa ya fashe a ƙarƙashin ruwa, abin da ake da shi wata doguwar waya ce da aka ɗaura wa nakiyoyi ana ja a bayan jirgi, idan an ji ta kama wani abu sai a tayar. Ghurka ya tayar da tasa, U-8 ya taso dole, Ghurka da Maori suka buɗe masa wuta, mutanen ciki suka miƙa wuya aka kwashe su duka da rai.

Abin da ya biyo baya ya fi faɗan kansa hayaniya. Churchill ya sa aka ware waɗannan fursunoni, wai ba za a ɗauke su kamar sauran fursunonin yaƙi ba tunda suna nutsar da jiragen kasuwa, Jamus ita ma ta rama ta kulle hafsoshin Birtaniya 39 a keɓe. Bayan 'yan watanni aka janye matakin. Na biyun da ake danganta wa ajin shi ne UC-50, yana cikin amsar Zubian.

Guda nawa aka rasa, kuma me ya ci su?

Biyu ne suka nutse gaba ɗaya, kuma dukkansu nakiyar ruwa ce, ba faɗan gaba da gaba ba. Maori ya taka nakiya kusa da Zeebrugge ranar 7 ga Mayun 1915, Jamusawa suka kama mutanensa har da waɗanda Crusader ya turo a kwale-kwale don ceto. Labarin bai yi wani amo ba domin a ranar ce Jamus ta nutsar da ƙaton jirgin fasinja Lusitania, hankalin duniya yana can. Ghurka, wanda ya kama U-8, ya taka tasa kusa da Dungeness ranar 8 ga Fabrairun 1917, mutum biyar kawai suka fita da rai.

Waɗanda suka taka nakiya suka sha kuma suna da yawa, Mohawk a 1915, Viking a farkon 1916, Zulu a ƙarshen shekarar, Tartar a 1917 da asarar rayuka mai yawa. Jamus tana da ƙananan jiragen ƙarƙashin ruwa na ajin UC waɗanda aikinsu ke nan, su shigo da dare su dasa nakiya a hanyar da aka share jiya. Gudun not 33 ba ya maganin wannan ko kaɗan.

Me ya faru a daren 26 ga Oktoban 1916?

Jiragen topido na Jamus sama da ashirin suka fito daga Zeebrugge cikin duhu suka faɗa wa masu gadin raga. Suka nutsar da jiragen masunta shida, da tsohon distroya Flirt, da wani jirgin jigilar sojoji mai suna The Queen wanda Allah ya sa babu sojoji a ciki. Aka tayar da Tribal shida daga Dover: Viking, Mohawk, Tartar, Nubian, Amazon da Cossack. Maimakon su fita a dunƙule sai suka rarrabu, Nubian ya yi gaba shi kaɗai.

Matsalar daren ita ce Bajamushe ya san duk jirgin da ya gani maƙiyi ne, harbi kawai zai yi, shi kuwa na Ingila sai ya tsaya ya haska fitila ya tambaya ko nasu ne. Haka Nubian ya ga jerin jirage ya zaci 'yan uwa ne, kafin ya ankara sun buɗe wuta, topido ya same shi ta gaba ya kusa cire masa goshi. Amazon da Mohawk su ma sun sha harsashi. An ɗaure Nubian ana ja, iska ta taso igiya ta tsinke, ya je ya kafe a gindin duwatsun South Foreland kusa da Dover. Jamusawa suka koma gida ba su rasa jirgi ko ɗaya ba, aka yi ta surutu a majalisa da jaridu a Landan.

To yaya aka yi Zubian? Ba ƙari a labarin?

Babu ƙari. Kwana goma sha biyu bayan abin da ya sami Nubian, ranar 8 ga Nuwamba 1916, Zulu ya taka nakiya a hanyar Dunkirk, shi kuma bayansa ne ya tafi, wani distroyan Faransa ya ja shi zuwa Calais. Ga jirgi mai lafiyayyen gaba babu baya, ga wani mai lafiyayyen baya da inji babu gaba, ga ƙarancin distroya ya ishi kowa. Sai aka kai su ma'aikatar jiragen ruwa ta Chatham aka yi abin da masu gyaran mota ke yi idan an kawo musu motoci biyu da suka yi hatsari, gaban Zulu aka jona da tsakiya da bayan Nubian.

Aikin bai zo da sauƙi ba domin kamar yadda na faɗa a maganar hotuna, kamfani daban ne ya gina kowanne, faɗinsu ya bambanta da inci uku da rabi. Kuma lokacin ba walda ake yi wa jikin jirgi ba, faranti ne na ƙarfe ake ɗora wani kan wani a huda a buga ƙusa mai zafi, don haka sai da aka ƙera sabon sashe a mahaɗar yadda faɗin zai tafi a hankali ruwa bai samu hanya ba. Ranar 7 ga Yunin 1917 ya shiga aiki da suna Zubian, rabin sunan kowanne. Ya koma Dover, a Fabrairun 1918 ya yi wa wani jirgin ƙarƙashin ruwa ruwan bam ɗin zurfi har aka rubuta masa nutsar da UC-50, sannan a Afrilu yana cikin masu rakiya a harin farko da aka kai don toshe tashar Ostend.

Na ji an ce ɗaya daga cikinsu ya harbi jirgin Birtaniya da gangan?

Cossack ne, ranar 16 ga Satumba 1918, a cikin tashar Dover. Gobara ta tashi a rumbun harsashin wani jirgin manyan igwa mai suna Glatton, an samu an cika rumbun gaba da ruwa amma wuta ta tare hanyar na baya, ga wani jirgi maƙare da albarusai, Gransha, a tsaye kusa da shi. Da wutar ta kai rumbun baya da garin Dover kansa ya ji a jikinsa. Keyes ya ba da umarni a nutsar da Glatton nan take.

Topidon farko na Cossack ya bugi jirgin bai tashi ba saboda tazarar ta yi kusa, na biyu ya tashi amma Glatton yana da wani kumburin kariya a gefe wanda aka yi shi musamman don topido, ƙaramin kan inci 18 bai iya huda shi ya wuce ba. Sai da aka kira sabon distroya Myngs mai inci 21 ya kifar da shi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka yadda makaman Tribal suka tsufa cikin shekara goma. An ma taɓa gwada ɗora wa Viking igwa mai inci 6 don ya iya da sababbin jiragen Jamus, jikinsa bai ɗauka ba aka sauke.

Sun zo Afirka ta Yamma lokacin yaƙin Kamaru?

A'a, man da ke cikinsu ba zai kai su ko kusa ba. Jiragen da suka yi aikin Duwala a Satumbar 1914 manya ne masu dogon zango irin su Cumberland da Challenger, da ƙaramin jirgin igwa Dwarf. Sojojin rundunar Najeriya da suka yi faɗa a Garwa da Mora, waɗanda Hausawa ke da yawa a cikinsu, ta ƙasa suka shiga, babu abin da ya haɗa su da waɗannan jirage.

Ina suka ƙare, kuma su ne Tribal ɗin yaƙin duniya na biyu?

Ba su ba ne, kuma nan ne mutane suka fi rikicewa domin an maimaita sunaye da yawa. Na 1905 yaƙi na ƙarewa aka sayar da waɗanda suka rage aka yanka su ƙarfe tsakanin 1919 da 1921, Zubian ma a ƙarshen 1919 ya tafi, shekara biyu da rabi ke nan da haɗa shi. Na biyun an fara su ne a 1936, sun kusa ninka na farko girma, Birtaniya ta gina 16, Kanada da Ostireliya su ma suka yi nasu. Idan ka ga labarin Cossack da ya kutsa gaɓar Norway a 1940 ya ƙwato fursunoni daga jirgin Jamus mai suna Altmark, wannan na biyu ne, ba mai harbin Glatton ba.

A cikin na biyun ne aka samu Ashanti, wanda ya je Takoradi, a Ghana ta yanzu, a 1939, Sarkin Asante Prempeh na biyu ya ba shi kyautar ƙararrawar azurfa da garkuwar zinariya. Daga cikin 16 na Birtaniya huɗu ne kawai suka ga ƙarshen yaƙin, Ashanti da Nubian da Tartar da Eskimo. Wanda ya rage a duniya yau da za ka iya shiga ka zagaya shi ne Haida na Kanada, yana ajiye a garin Hamilton da ke lardin Ontario.